Robobin Alhaji Isyaku

Muntaka maginin tukwane ne, gadon gidansu ne. Daga wani ƙauye a kudancin Kano ya taso ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi, tun rabin unguwar yana gonakin gero, kuma ba komai ya kawo shi ba sai wani kududdufi da ke bayan gidajen, mai jan yumɓu mai danƙo. Yakan gina randa da tulu da kasko kamar kowane magini, amma abin da ya riƙe masa gida shi ne tukwanen fulawa, masu faɗin baki da zane a wuya, irin waɗanda Turawa da manyan ma'aikata ke jerawa a baranda. Wanda ya fi kowa ɗiba a wurinsa shi ne Alhaji Isyaku, ɗan kwangila mazaunin Tarauni, wanda ake ba wa aikin dasa itatuwa da fulawa a sababbin gidaje.

Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka shigo gari, gini ya ɓarke ko'ina, Muntaka ya ɗauka lokacinsa ne ya zo. Ya ƙara haƙo yumɓu, ya cika tsakar gida da tukwane. Shiru babu aike daga Tarauni. Da shirun ya yi yawa sai ya saka rigarsa ta Juma'a ya tafi da ƙafarsa.

A tsaye Alhaji ya karɓe shi, a bakin gareji. Ya sa aka miƙo wata baƙar tukunyar roba, ya ce, "Ɗauki ka ji, Malam Muntaka."

Muntaka ya ɗauka. Ba ta fi hularsa nauyi ba.

Alhaji ya karɓe ta ya buga da siminti. Ta yi tsalle ta mirgina ƙarƙashin mota. Ya ce, "Ka gani? Naka kuwa kafin mota ta kai su wurin aiki rabi sun fashe. Zamani ne ya zo da abinsa, ba ni ba."

"Da ka aiko an faɗa mini, da ban cika gida da su ba."

"To ai ga shi na faɗa maka."

Haka Muntaka ya dawo gida. Ya koma ginin randa da tulu, waɗanda su ma bokitin roba ya fara kashe musu kasuwa.

Ana gab da faɗuwar damina, wata safiya ya ɗauki diga da kwando ya nufi kududdufi. Tun daga nesa ya hango wata tifa ta yo baya har bakin ramin da yake haƙa, tana ɗaga bodi. Abin da ya zubo baƙi ƙirin ne, yana ƙara kamar ana zazzage ƙore. Da ya matso sai ya ga irin robobin nan ne, waɗanda aka riga aka cire dashen cikinsu. Wasu sun tsage, yawancinsu kuwa lafiya lau, sai ragowar ƙasa da saiwoyi a jikinsu. Sun rufe bakin ramin ruf.

Ya san direban. Lawan ne, wanda a da shi yake zuwa ɗaukar masa tukwane.

"Lawan, mene ne wannan?"

Lawan bai sauko ba, ta taga ya leƙo. "Wallahi Baba, aiko ni aka yi. An gama dashe, an ce a kwashe su daga wurin."

"Duk faɗin Kano ba a ga inda za a zuba su ba sai inda nake ɗibar abincina?"

"Alhaji ne ya ce nan."

"Ya ce nan, ko ya ce a zubar?"

"Ya ce nan, Baba. Ka yi haƙuri."

Muntaka ya ɗaga digar, har Lawan ya janye kansa ciki, amma a kan robobin ya sauke ta. Ya yi ta sara har hannunsa ya mutu. Ko fashewa ba sa yi yadda zai huce, sai dai su loɓa su tashi. Tifar ta tafi, kuma kafin ruwa ya sauka sosai ta dawo ba sau ɗaya ba.

Ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce za a duba. Ya yi wa mutanen masallaci magana, kowa ya ce abin bai dace ba, daga nan aka shiga zancen tsadar siminti.

Matarsa Huraira ba ta fita, amma labarin robobin ya iso mata ta bakin maƙwabciyarsu Inna Kulu, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ɗakinta ke can gangare kusa da kwalbatin da ruwan kududdufi ke bi ya tsallake titi. Huraira ta roƙe ta ta ɗebo mata kaɗan. Ta wanke su, ta cika su da ƙasa da takin awaki, ta zuba irin tumatir da barkono da alayyafo, ta jera su a bayan madafa inda take ganin idon maigidan ba zai kai ba.

Sun fara fitar da ganye ke nan ya gan su. Ya zagaya neman wani tsohon buhu, sai ga su a jere, kore shar a kan baƙi.

"Huraira. Wa ya shigo mini da wannan ƙazanta gida?"

Ta fito da muciya a hannu. "Ni ce, Malam."

"Gidan nan cike yake da tukwane. Ga su can har ƙura ta rufe su. Ba ki ga ko ɗaya ba?"

"Ranar da na taɓa ɗaya ai cewa ka yi na sayarwa ne, kada na kuskura."

Ya sa ƙafa ya yi fatali da na farko, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Ƙasa ta watsu, 'yan tsirran suka kwanta da saiwoyinsu a waje. Ta tsaya tana kallonsa har ya gama, sannan ta ajiye muciyar.

Ta ce, "Ka huce? Alhajin da ya yi maka abin yana can yana cin miyarsa da tumatir. Ni ce nan nake kaɗa kuka safe da yamma, ba ka taɓa jin na ce uffan ba. Idan faɗa kake ji, ka san hanyar Tarauni. Tumatir ɗina bai yi maka komai ba."

Tunda suke ba ta taɓa yi masa magana da wannan murya ba. Ya fice daga gidan yana huci. Ita kuwa ta durƙusa ta tsince waɗanda ba su karye ba ta mayar da su. Kwana da kwanaki magana ba ta haɗa su sai sallama da ajiye kwano.

Ruwan da ya yi ɓarnar a tsakiyar damina ya zo, bayan la'asar. Hadari ya taso daga gabas, aka yi ta zuba kamar ba za a daina ba. Kududdufi ya cika, robobin suka taso sama suka bi ruwa, suka je suka cushe a bakin kwalbati, suna shiga cikin juna, ciyawa da laka suka liƙe abin da ya rage. Ruwa ya rasa hanya, ya juyo cikin unguwa.

Gidan Muntaka ruwa ya shiga har gwiwa. Ɗanyun tukwanen da ya gina yana jiran rana duk suka narke suka koma laka. Yana tsaye yana kallonsu sai ya ji ana salati daga gangare. Bangon ɗakin Inna Kulu ne ya jiƙa ya zauna, azara ta faɗo mata a ƙugu. Da ƙyar aka zaro ta, aka ɗora ta a kan ƙyauren ƙofa aka fita da ita titi neman mota.

Maza suka shiga ruwa har ƙirji suna zaro robobi daga bakin kwalbati, suna jefowa tudu. Muntaka ne a can ciki, yana cusa hannu yana fizgowa, wata fasasshiya ta yanke shi a tafin hannu bai ma sani ba. Da hanya ta buɗe ruwa ya ja da ƙarfi, saura kaɗan ya tafi da shi. Ya fito ya tsaya a gaban tarin, jini na bin yatsunsa.

Ya ce, "Gobe da safe zan mayar wa mai kaya kayansa. Wa zai raka ni?"

Kowa ya ce da shi za a je. Har wani mai shago ya ce shi zai fara magana.

Da gari ya waye ya ari amalanke wurin masu itace, ya loda robobin da lakarsu da warinsu, ya ɗaure da igiya. Ya tsaya a bakin masallaci yana jira. Mai shago ya aiko cewa ba shi da mai tsare masa shago. Wani ya ce ƙafarsa ta kumbura. Liman ya fito ya ce masa a bi a hankali, manyan mutane ba a zuwar musu haka. Muntaka ya dube shi, ya kama hannun amalanke ya tura shi kaɗai.

Hanyar duk caɓi ce. Taya ta yi ta nutsewa, yana ciccijewa yana fitar da ita, ƙyallen da ya ɗaure hannu ya rine. Duk inda ya wuce sai an tsaya ana kallo, wasu na tambayarsa ko na sayarwa ne. Ya yi ta turawa har ya isa ƙofar gidan Alhaji Isyaku, inda ya tarar da motoci a jere, baƙi na zaune a kan kujeru a farfajiya. Ya kwance igiya, ya ɗaga amalanken ya kifar da kayan daidai bakin get.

Maigadi ya taso da sanda. Ƙarar ta fito da Alhaji, baƙinsa na biye da shi.

"Malam Muntaka, lafiyarka kuwa?"

"Kayanka ne na kawo maka. Akwai saura, zan koma na ɗebo."

"Ka san gidan wa ka zo?"

"Na sani. Gidan wanda ya toshe mana kwalbati. Jiya ruwa ya ci gidajenmu. Akwai tsohuwa a asibiti yanzu haka, ƙugunta a karye, ko sunanta ba ka sani ba. Ka hana ni sana'a na yi shiru, na ce kasuwa ce. Me ya sa sai a ramina?"

Alhaji ya dubi baƙinsa, ya gyara zaman babbar rigarsa. Bai ɗaga murya ba. "Raminka? Wa ya ba ka? Wurin nan an yanka shi filaye tun bara, kuma ni aka ba wa. Cike shi nake yi. Da robobi zan cike abina ko da duwatsu, wannan ruwana ne. Ruwan sama kuwa ba ni na saukar da shi ba."

Maganar ta daki Muntaka fiye da yadda ya zata. Duk tsawon hanya yana tunanin ganganci ne da rashin kula, ashe da niyya aka yi, kuma an daɗe da gama maganar a wani ofis ba tare da kowa ya tambayi masu zama a wurin ba. Ya sunkuya ya ɗauki roba ɗaya cike da laka ya jefa. Ba ta sami Alhaji ba, a jikin farar motarsa ta fashe, lakar ta fallatsa wa wani baƙo a riga.

Daga nan abin ya fita daga hannunsa. Maigadi da masu aikin lambu suka danne shi, aka kira 'yan sanda. Ya wuni a caji ofis a zaune a ƙasa, babu riga, hannunsa na zogi. Sai da yamma mai unguwa ya zo ya yi ta ba da baki. Alhaji ya aiko cewa ya yafe, don girman Allah da tsohuwar hulɗa, da sharaɗin wanda ya zubar da shara a ƙofar gidansa ya zo ya kwashe ta da hannunsa.

Muntaka ya ce, "Gara a kai ni gidan yari."

Mai unguwa ya ce, "A kai ka, wa zai tayar maka da bangon da ya tsage? Matarka ita kaɗai ce a gidan, ruwa kuma bai gama zuwa ba. Tashi mu je."

Wannan kwasar ita ce abin da bai taɓa mantawa ba. Ɗan sanda na tsaye a kansa, maigadi na nuna masa da sanda inda ya bar wata, yana durƙusawa yana tsinta ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa a amalanke. Alhaji ko leƙowa bai yi ba.

A hanyar dawowa ya tsaya a bakin kududdufi ya rasa yadda zai yi da su. In ya zuba a ciki, ruwa na gaba zai sake kai su kwalbati. In ya bari a bakin hanya, iska da awaki za su mayar da su. Ya yi tunanin cinna musu wuta, amma jiƙe suke sharkaf, kuma ya taɓa jin warin ƙonanniyar roba. Babu inda ya rage sai gidansa. Ya tura amalanken ta zaure yana zagin Alhaji, yana zagin mai shago, yana zagin kansa, ya juye su a inda ɗanyun tukwanensa suka narke. Washegari ya koma ya kwaso tarin da ke bakin kwalbati, don ya san babu mai taɓa shi.

Huraira ta dafa ruwan zafi da gishiri ta wanke masa hannu, ta ɗaure. Sannan ta jawo kwatanniya ta zauna gaban tarin ta fara wanki. Masu kyau gefe guda, masu tsagewa gefe guda. Matan unguwa suka ji labari suka yi ta aikowa. Wata za ta zuba wa kaji dusa, wata za ta ajiye toka, wata ta toshe hujin gindin da tsumma ta mayar da ita ma'ajiyar allura da zare. Tarin ko alamar raguwa bai yi ba.

Inna Kulu ba ta dawo unguwar ba. Da aka sallame ta ba ta iya takawa, ɗanta ya zo ya tafi da ita ƙauye. Kafin kaka ta ƙare tifofi suka cike kududdufin da jar ƙasa, aka kafa turaku, aka fara haƙa harsashin gini. Muntaka ya je neman yumɓu wajen Unguwar Gano, ya samu mai yashi ne, abin da ya gina da shi duk ya tsage a wuta. Ya dawo ya zauna a zaure, ko masallacin unguwar ba ya zuwa, sai dai ya tsallaka wani.

Wata rana da hantsi ya shigo ya tarar da Huraira tana fama da wasu 'yan tsirrai da suka ƙi girma. Ya tsaya a kanta jim.

Ya ce, "Ƙasar ta yi nauyi. Ruwa ba ya wucewa."

"To ni ina na san ƙasa? Kai ne mai ita."

Ya yi tsaki, ya naɗe hannun riga. Ya haɗa yashi da taki da baƙar ƙasa, yana murzawa a tafin hannu yadda yake yi wa yumɓu, ya cika roba ɗaya ya dangwarar mata. Ya cika ta biyu. Bai tashi ba sai da aka kira azahar. Daga ranar ya fara tara ƙwallon mangwaro da 'ya'yan darbejiya da gwaba da lemo, yana yanko reshen fulawa a inda ya ga an sare an zubar. Robobi masu tsagewa ya ɗinke su da waya. Ba ya kiransu tukwane, sai dai ya ce miƙo mini abin nan.

Da damina ta zagayo, ya samu wuri a gefen titin Gidan Zu, ƙarƙashin wata bishiya, ya jera dashensa. Lokacin mutane ba su manta da farin da aka sha ba, kowa na son itace a ƙofar gida, ga sababbin gidaje ba inuwa. Kasuwa ta buɗe. Amma masu saye sun san shi da hali guda: ba ya sakin fuska, kuma ba ya ba da roba. In ka zaɓi dashe sai ya kifa shi a hannu, ya zare robar, ya naɗe ƙasar da takardar buhun siminti ya miƙa maka.

Wata yamma wata mota ta tsaya, wata Hajiya mai suna Zainab, matar wani babban ma'aikaci, ta leƙo ta zaɓi mangwaro da fulawa masu yawa. Da ta ga yana zare robobin sai ta ce, "A'a Baba, bar su a ciki, za su ɓata mini but ɗin mota."

"In kin dasa, ina za ki kai robar?"

"Sai a zubar mana. Me za a yi da ita?"

"A zubar a ina?"

Ta dubi direbanta, ta yi dariya. "Oho. Inda ake zubarwa."

Muntaka ya mayar da dashen cikin robarsa, ya danna ƙasar da babban yatsa, ya ajiye shi a layi.

Ya ce, "Ba na sayarwa ba ne, Hajiya."

"Ikon Allah. Ai sai ka faɗi abin da za a ƙara maka."

"Akwai masu dashe a gaba. Allah ya kiyaye hanya."

Ta ce ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa mai baƙin rai irinsa ba, ta ɗaga gilashi, motar ta ja.

Da ya koma gida ya ba Huraira labari yana cin tuwo, har lokacin ransa a ɓace. Ta saurare shi har ya gama.

Ta ce, "Da ka shimfiɗa mata buhu a but ɗin ai da ta saya."

Ya ci gaba da tauna. Can ya ce, "Ba ta tambaya ba."

"Kai ma ba ka faɗa ba. Gobe ka tafi da buhuna biyu, suna nan a bayan ƙofa."

Ya wanke hannu, ya ɗauki bokiti ya zagaya baya don ya ba dashen ruwa kafin magariba.